Fayil a Inda Bai Kamata Ba: Yadda Sel Ɗin Jikinka Ke Gano Kutse Ya Tayar da Zazzaɓi

Duk mai riƙe da wayar Android ya taɓa cin karo da gargaɗin Play Protect, musamman idan wani ya turo masa manhaja ta WhatsApp ko Xender ya ce ya ɗora. A darasin yau za mu ɗauki wannan tunanin na tsaron waya mu shiga da shi cikin jikin ɗan Adam, mu ga yadda ƙwayar jiki guda ɗaya ke gane cewa an yi mata kutse, da yadda wannan ganewar ke zama zazzaɓin da ke kwantar da mutane daga Ƙofa har Doguwa duk damina.

Hanyar tsare waya iri biyu ce. Ta farko ita ce ta tsohuwar manhajar antibairos: tana da kundin sunayen ɓarayi, duk fayil ɗin da ya shigo sai ta gwada shi da abin da ke cikin kundin. Matsalarta sananniya ce. Idan ɓarawon sabo ne, ba a taɓa ganinsa ba, sai ya wuce ta gabanta ta gaishe shi. Hanya ta biyu ita ce wadda aka gina Android a kanta. Kowace manhaja an ba ta lambarta da ɗakinta, ba ta da izinin leƙa foldar wata. A nan tsarin ba ya tsayawa binciken halin manhaja. Abin da yake dubawa shi ne a ina aka ga hannunta.

Garkuwar jiki tana da duka biyun. Mai kundin sunaye ita ce wadda allurar rigakafi ke koyarwa, tana da ƙarfi da iya tuna fuska, amma idan cutar baƙuwa ce takan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ta shirya. A cikin waɗannan kwanakin wa ke riƙe da gida? Ta biyun ce, wadda aka haife mu da ita, kuma ita ce maganarmu.

Tsarin gidan

An gina jiki da ƙananan ƙwayoyi da masana ke kira sel, kusan tiriliyan 30 a jikin babban mutum. Ɗauki sel ɗaya kamar gidan Bahaushe. Akwai katanga da ta kewaye shi. Akwai tsakar gida inda ake girki da daka da duk wata hidima, masana na kiranta saitofilazam, mu kuma za mu ce tsakar sel. Sannan akwai ƙuryar ɗaki mai ƙofofi da masu gadi, wato cibiyar sel, kuma a nan ake ajiye DNA.

DNA shi ne rubutun asali na jikinka, kamar lambobin da muke rubutawa kafin su zama manhaja. Haruffansa huɗu ne kacal, A, T, G da C, kuma kwafi ɗaya yana da kusan biliyan 3. Idan ka yi lissafin a kwamfuta, kowane harafi ya ci bit biyu, duka-duka wajen megabait 750 ne. Fim ɗaya mai kyawun hoto ya fi shi nauyi. Idan sel na buƙatar wani umarni, ba a fito da kundin asali tsakar gida. Ana kwafo shafin da ake so a wata takarda ta wucin gadi mai suna RNA, ita ake aikawa waje.

Akwai wuri na biyu da aka yarda DNA ya zauna: cikin maitokondiriya, wato janaretocin da ke ba sel wuta. Suna da ɗan guntun DNA nasu, haruffa 16,569, shi ma a kulle cikin bangonsu.

To ka ga dokar ta fito da kanta. A sel mai lafiya, tsakar gida ba wurin DNA ba ne. Idan aka tsince shi a can, ɗayan biyu ne: ko dai baƙo ya shigo da nasa, bairos ko bakteriya, ko kuma gidan ne ya tsage har kayan ƙurya suka zubo waje. Dukansu biyu labari ne marar daɗi.

Mai gadin da ba ya karatu

Mai gadin da ke kula da wannan doka furotin ne mai suna cGAS. Abin da ya fi burge ni game da shi, a matsayina na mai rubuta manhaja, shi ne ba ya karanta abin da ke cikin DNA ɗin ko kaɗan. DNA yana kama da tsani da aka murɗe, haruffan su ne matakai, shi kuwa cGAS gefen tsanin yake kamawa. Gefen nan iri ɗaya ne a mutum da sauro da bakteriya da bairos. Don haka bairos zai iya sauya haruffansa sau dubu, kamar yadda masu kutse ke sauya wa fayil suna da hoto, amma ba zai iya daina zama DNA ba. Idan da za a rubuta aikin cGAS a manhaja, layi ɗaya ne: idan an ga DNA a tsakar sel, a buga ƙararrawa.

Yana da ɗan tacewa. Gajeren guntu bai cika tayar da shi ba, dogon zare ne ke sa cGAS da yawa su taru a kansa su dunƙule kamar ɗigon mai a cikin ruwa, a nan ne aikinsu ke ƙarfi. Wannan yana rage ƙararrawar banza.

Da ya kama, sai ya ɗauki sinadarai biyu da ke yawo a kowane sel, ATP da GTP, ya haɗa su su zama ɗan ƙaramin zobe mai suna cGAMP. Wannan zoben shi ne saƙon. Mai gadi ɗaya na iya buga zobba masu yawa, shi ya sa ɗan DNA kaɗan ke iya tayar da babbar hayaniya. Zoben na tafiya ya shige aljihun wani furotin mai suna STING, shi kuma ya tashi daga mazauninsa ya koma wani sashe na sel da ake kira Golgi, ya kira TBK1. TBK1 ya buga wa IRF3 hatimi, IRF3 ya shiga ƙuryar ɗaki ya buɗe shafin da ke ɗauke da umarnin yin intaferon. A gefe guda kuma STING na tayar da wani mai suna NF-kB, wanda ke buɗe shafukan sinadaran kumburi irin su TNF da IL-6. Kada sunayen su tsorata ka, ba jarrabawa za ka rubuta ba. Riƙe jerin kawai: mai gani, saƙo, mai karɓa, sannan umarni.

Intaferon, wanda Alick Isaacs da Jean Lindenmann suka gano a Landan a 1957, shi ne sanarwar da ake turawa duk unguwa. Sel ɗin da ya karɓe ta yakan kunna ɗaruruwan umarni na hana bairos hayayyafa tun bai iso ba. Shi kansa zoben cGAMP yana iya tsallakawa ta 'yan ƙananan ƙofofin da ke tsakanin sel da maƙwabcinsa, kamar dai a leƙa ta katanga a ce wa maƙwabci ya kulle ƙofa.

Yadda aka gano shi ya cancanci a ba da labari, domin aikin neman matsala ne irin wanda muka sani. A 2008 Glen Barber da abokin aikinsa Hiroki Ishikawa a Jami'ar Miami ta Amurka suka bayyana STING. An san idan babu shi sel ba ya amsa wa DNA yadda ya kamata, amma ba a san wa ke kai masa labari ba. Shekaru ana ta kawo sunayen furotin daban-daban. Sai Zhijian Chen, haifaffen ƙasar Sin da ke aiki a Dallas ta jihar Texas, ya bi wata hanya. Shi da mutanensa suka zuba DNA a cikin sel, suka fasa su suka ɗebi ruwan, suka dafa shi har furotin suka lalace, suka sa abin da ke narkar da DNA da RNA. Duk da haka ruwan da ya rage ya ci gaba da tayar da ƙararrawa a wasu sel ɗin. Ke nan saƙon ba furotin ba ne, ba DNA ba ne, wani ɗan ƙaramin abu ne mai jure zafi. Daga nan suka gano cGAMP, suka bi sawunsa baya har suka kai ga wanda ke ƙera shi. An buga sakamakon a mujallar Science a ƙarshen 2012 da farkon 2013, kuma a 2024 aka ba Chen lambar yabo ta Lasker saboda shi.

Akwai mai gadi na biyu, AIM2, wanda aka bayyana aikinsa a 2009. Shi ba ya tsayawa aika saƙo. Idan ya kama DNA a tsakar sel sai ya tara wata na'ura da ke sakin IL-1, sannan ta kunna furotin mai huda katangar sel ɗin har ya fashe ya mutu. Kamar mai wayar da aka sace ya shiga intanet ya danna a goge komai: an rasa wayar, amma ɓarawo bai samu abin da ya zo nema ba.

Daga sel zuwa rawar sanyi

Waɗannan sinadarai, TNF da IL-6 da IL-1, su ne ke haifar da abin da likitoci ke kira kumburi. Suna buɗe jijiyoyin jini, wurin ya yi ja ya yi zafi. Suna sa ruwa da fararen ƙwayoyin jini su fito, wurin ya tasa. Idan suka yi yawa a jini sai labari ya kai wa sashen ƙwaƙwalwa mai daidaita zafin jiki, ya ɗaga ma'aunin daga digiri 37 zuwa 39 ko 40. Jiki ya ga bai kai sabon ma'aunin ba sai ya fara karkarwa don ya samar da zafi. Shi ya sa mutum ke neman bargo alhali jikinsa kamar garwashi.

A yankinmu babban misali shi ne zazzaɓin cizon sauro. Ga ruwan madatsar Tiga a Bebeji, ga fadamun shinkafa na Tudun Wada, ga kududdufai a kowace unguwa daga Agusta zuwa Oktoba, sauro bai rasa wurin haihuwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya a Najeriya suke.

Ƙwayar maleriya ta iya zaɓen maɓoya. Tana shiga jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda ba su da cibiya, ba su da janareta, ba su da yadda za su buɗe shafin intaferon. Gida ne da babu mai kiran agaji. Tana cin sinadarin da ke sa jini ja, tana tara ragowar a matsayin wasu baƙaƙen ƙananan duwatsu da ake kira himozoyin. Bayan kusan awa 48 sai ƙwayar jinin ta fashe, komai ya watse. Nan sai manyan fararen ƙwayoyi masu haɗiye datti, makrofej, su zo shara. Suna haɗiye duwatsun tare da DNA ɗin maleriya da ya manne a jikinsu, su sa a cikin wata jaka. Duwatsun na iya yaga jakar, DNA ya zubo tsakar sel, cGAS da AIM2 su gan shi. Wannan ɗaya ce daga cikin hanyoyin da ke kunna zazzaɓin, kuma fashewar ƙwayoyin jini a lokaci guda ita ce ke sa ya riƙa zuwa yana tafiya.

Yanzu dubi abin da farasitamol ke yi. Yana aiki ne a ƙarshen layin, wajen saƙon da ke ɗaga ma'aunin zafi. Wato ya rage ƙarar lasifika ne. Ƙwayar cutar na nan tana ninkuwa duk kwana biyu. Gwajin jini na ɗan tsinke bai wuce minti 20 ba, kuma ga yaro ɗan ƙasa da shekara 5 ko mace mai ciki, kwana biyun da aka ɓata ana shan farasitamol kaɗai na iya zama bambanci tsakanin magani a gida da ƙarin jini a asibiti.

Sai ƙurajen nan da ke fitowa a leɓe bayan zazzaɓi, waɗanda ake cewa zazzaɓi ya yi kashi a baki. Ba maleriyar ba ce. Wani bairos ne mai DNA, HSV-1, da ke jikin kusan mutum biyu cikin uku 'yan ƙasa da shekara 50 a duniya. Yana kwance a jijiyar fuska, zazzaɓi ko gajiya su tashe shi. Yawanci cikin mako ɗaya zuwa biyu ya lafa, kuma cGAS na cikin masu wannan aikin: ɓerayen gwaji da aka cire wa shi sun fi saurin mutuwa idan aka sa musu wannan bairos.

Ɓarawon da ke buga ƙararrawa da kansa

Masu kutse ba sa zaune, a intanet ko a jiki. Dangin bairos ɗin agana suna da furotin da ke yanka zoben cGAMP kafin ya isa. HIV na lulluɓe DNA ɗinsa cikin kwanso har ya kai ƙofar ƙurya. Bairos ɗin denge na datse STING kansa.

Amma na fi jinjina wa dabarar tarin fuka, ko da yake mugunta ce. Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu wannan cuta, kuma cibiyar horar da ma'aikatanta ta ƙasa tana nan kusa da mu, a Saye ta Zariya. Idan bakteriyar ta shiga huhu, makrofej na haɗiye ta ya sa a jaka don ya narkar. Ita kuwa tana da wata allura da masana ke kira ESX-1, da ita take huda jakar. DNA ya fito tsakar sel, cGAS ya gani. A 2015 ƙungiyoyin bincike uku suka tabbatar da haka kusan lokaci ɗaya.

Sakamakon kashi biyu ne. Ɗaya mai amfani: sel na ƙoƙarin sake naɗe bakteriyar ya kai ta wurin narkarwa. Ɗayan kuma shi ne intaferon, wanda makamin yaƙi da bairos ne, kuma idan ya yi yawa yana danne IL-1 da ake buƙata don yaƙar wannan bakteriya. A 2010 Anne O'Garra da tawagarta a Landan suka duba jinin masu tarin fuka a Ingila da Afirka ta Kudu, suka ga alamun intaferon sun cika shi, kuma suna raguwa idan magani ya kama. Kamar ɓarawo ne ya shigo ya yi ihun gobara, jama'a suka fito da bokitai maimakon sanduna.

Duba saman hannunka na hagu, wataƙila akwai ɗan tabon allurar BCG da aka yi maka kana jariri. Albert Calmette da Camille Guérin a Faransa sun shafe shekara 13 suna renon bakteriyar tarin shanu har ta yi rauni, aka fara yi wa mutum a 1921. Daga baya aka gano abin da ya raunana ta: ta zubar da yankin DNA mai ɗauke da muhimman sassan allurar ESX-1, don haka ba ta iya huda jaka. BCG na kare yara daga munanan nau'o'in cutar, irin wanda ke taɓa ƙwaƙwalwa, amma kariyarta ga huhun manya ba ta da ƙarfi sosai. Cikin sababbin rigakafin da ake gwadawa har da BCG da aka ƙara wa ikon huda jakar da gangan. Kafin su iso, tarin da ya kai mako biyu na buƙatar gwajin majina, kuma gwajin da maganin wata shida kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati.

Idan ƙararrawa ta ƙi mutuwa

Tunda cGAS ba ya karatu, ba ya bambanta DNA ɗinka da na baƙo. Farashin wannan tsarin ke nan. Janareta ta tsage, nata ya zubo, zai buga. Sel ya tsufa ko ya fara zama na daji, guntayen DNA suka ɓalle, zai buga. Wani lokaci alheri ne, domin haka garkuwar jiki ke samun labarin ciwon daji.

Don kada gida ya zauna cikin ihu kullum, akwai mai shara, TREX1, da ke narkar da guntayen DNA a tsakar sel kafin su taru. Shi kansa cGAS da ke cikin ƙuryar ɗaki an ɗaure shi a jikin furotin ɗin da ake naɗe DNA a kansu, yana ganin kundin amma ba ya iya kamawa. Yaran da aka haifa da lalataccen TREX1 suna kamuwa da cutar Aicardi-Goutières, wadda aka fara bayyanawa a 1984: jikinsu na yin kamar bairos ya shiga ƙwaƙwalwa alhali babu bairos ko ɗaya. A 2014 aka bayyana wata, SAVI, inda STING ke makalewa a kunne tun jariri, yana lalata huhu da yatsu. Ana kuma ganin yawan intaferon a cutar lupus, wadda ta fi kama mata matasa.

Shi ya sa nake kallon tallan maganin ƙara ƙarfin garkuwar jiki da ke cika TikTok da Facebook da ɗan murmushi. A wannan tsarin, garkuwar da aka murɗa har ƙarshe cuta ce mai suna a littafin likitoci.

Ɗaya ɓangaren ya fi kusa da mu. Dexamethasone, da wasu 'yan mata da samari ke saye a kemis don su yi ƙiba, aikinsa shi ne danne NF-kB da sinadaran kumburi. Magani ne mai ceton rai a hannun likita. Amma cikar fuskar da yake kawowa ruwa ne da kitsen da ya sauya wuri, tare da hawan jini da hawan sukari. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa ɗaukar bakteriyar tarin fuka, a jikin da yawa tana nan a tsare saboda garkuwa na danne ta, kuma shan irin wannan ƙwaya na tsawon lokaci na iya sake ta. Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya, domin jiki ya rage yin nasa sinadarin. Likita ne ke rage shi a hankali.

Kamfanonin magani na aiki a ɓangarorin biyu: masu kashe cGAS ko STING don cututtuka irin lupus, da masu kunna STING a cikin ƙarin daji don garkuwa ta far masa. Akwai wani magani, DMXAA, da aka ƙirƙira a Auckland ta New Zealand. A jikin ɓera yana narkar da ƙari abin mamaki. Aka kai shi babban gwaji a kan masu ciwon dajin huhu, a 2010 aka dakatar saboda bai ƙara musu komai ba. Sai a 2013 aka gano dalili: yana shiga aljihun STING na ɓera daidai, amma na mutum ya ɗan bambanta, ba ya kama shi. Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja ta yi aiki lafiya lau a wayarsa, ya tura wa mai ita ta ƙi buɗewa a Itel ɗinsa, ya san irin wannan ranar.